Baba da Sanyin Jirgin Ruwa

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran mahaifinmu a gidanmu na Kurmin Sarki, a Suleja. Kafin la'asar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Mun faɗa, mun sake faɗa, amma sai da mutane suka fara shigowa gaisuwa sannan na gane ba mu kaɗai muka yi rashi ba.

Waɗanda suka fara cika tsakar gida matan unguwa ne masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Wata daga cikinsu, bazawara mai 'ya'ya huɗu, ta zauna kusa da Innarmu tana kuka ba sauti. Da ta samu bakin magana sai ta ce firizar da take ciyar da yaranta da ita, sau uku masu gyara suna ce mata ta mutu, sau uku Baba yana tayar da ita. Limamin masallacinmu ya ce da maza a ƙofar gida, shi bai taɓa ganin mutumin da zai idar da salla ya ɗaga kai ya ce fankar sahun baya tana neman mai ba, sai Baba. Aka yi 'yar dariya, aka kuma share hawaye. Baffanmu, yayan Baba, sai da aka watse ya ce da ni shi ya kamata ya riga ƙaninsa tafiya. Innarmu kuwa tana riƙe da carbinta, duk wanda ya shigo sai ta ce a ba shi ruwa mai sanyi, don mai gidan ba ya son baƙo ya sha ruwan zafi a gidansa.

Ranar uku wani dattijo ya iso daga kudu, siriri, da sanda, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Ya tuɓe takalminsa a bakin zaure, ya yi wa maza gaisuwa da Hausa mai karyewa, ya ce Allah ya jiƙan rai. Shi ne kukun jirgin ruwan da Baba ya yi wa aiki. Mun san labarinsa tun muna yara, amma ni kaɗai na taɓa ganinsa ido da ido.

Ni ce babbar 'yar Baba. Na zauna rubuta wannan ne don jikokinsa sun san shi a matsayin tsoho mai gyaran firij a unguwa, ba su san ya yi fiye da shekara ashirin a kan teku ba. Ina tsoron idan mu muka kau, wannan ɓangare na rayuwarsa ya bi mu.

Baba haifaffen Suleja ne, kuma har ya girma ruwan da ya sani bai wuce rafin da suke wanka suna yara ba. Ya koyi gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wurin wani maigida a Kaduna, daga nan neman abinci ya kai shi Legas. Wata rana aka kira shi gidan wani attajiri ya duba firizar da ta gagari mutum biyu. Ya gyara, bai canza komai ba sai wata 'yar waya da ta ƙone. Attajirin ya tambaye shi ko yana tsoron ruwa. Baba ya ce yana tsoro ƙwarai. Mutumin ya yi dariya ya ce irinsa yake nema, don mai tsoron ruwa ba ya wasa da inji. Haka Baba ya zama mai kula da sanyi a jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda masu hali suke fita teku da iyalansu da baƙinsu su yi kwanaki. Ya ce watansa na farko duk amai ya yi.

Sau biyu yake zuwa gida a shekara, wani lokaci sau uku. Idan ya shigo, kafin ya zauna sai ya je wurin firij ɗin Inna. Ya ɗora tafin hannunsa a gefensa, ya yi shiru yana saurare. Sai ya yagi takarda ya maƙala a ƙofa ya rufe, ya ja. In takardar ta zare cikin sauƙi, to robar ƙofa ta saki, kuma ranar ba mai jin labarin Legas sai an gyara ta. Inna takan ce firij ne uwargida, ita amarya ce, sai an gama gaisawa da shi ake zuwa kanta.

Akwai maganar da yake yawan yi mana: "Ba wanda yake ƙera sanyi. Zafi ake kwashewa a kai wani wuri." Idan muka nemi bayani sai ya ce a gida iska ce take ɗauke zafin daga bayan firij, shi ya sa ba a manna shi da bango. A jirgi kuwa ruwan teku ne yake wannan aiki. Akwai famfo da yake zuƙo ruwan ta ƙarƙashin jirgi, ya bi ta bututu ya kwashe zafin injinan sanyi, ya koma teku. In wannan ruwa ya tsaya, esi ya tsaya, firij ya tsaya, ɗakunan jirgi su koma kamar tanda, tunda ƙarfe ne da gilashi a tsakiyar rana.

Shi ya sa kullum bayan sallar asuba aikinsa na farko shi ne buɗe matatar da ruwan yake bi. Ya ce ba abin da bai ciro daga cikinta ba: kainuwa, leda, ƙananan kifaye, har silifas ɗin yaro. Cikin bututun kuma wasu ƙananan halittu masu ɓawo suke yin gida, in aka ƙyale su sai su toshe hanya, don haka lokaci-lokaci yakan wanke bututun da wani ruwan magani. Gishiri yana cin ƙarfe ba dare ba rana. In yana zargin gas yana zurarewa, kumfar sabulu yake shafa wa mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda take hura ƙwai. Muna yara mun ɗauka Baba matuƙin jirgi ne, haka muke faɗa a makaranta. Da ya ji sai ya gyara mana, ya ce mu faɗi gaskiya, shi mai wanke matatar ruwa ne.

Ba zan ce Baba ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, kuma ba ya bayani. In ya yanke abu ya yanke, ko da wa zai ɓata. Wannan hali ne ya shiga tsakanina da shi shekara huɗu.

Lokacin aurena an ba shi hutu, an ma samo wanda zai riƙe masa aiki. Mun sa ran zai iso ranar Laraba, ɗaurin aure Asabar. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Saƙon da ya iso kawai shi ne aiki ya riƙe shi, jirgi ya fita teku, Baffa ya tsaya a madadinsa. Aka ɗaura aure, aka kai ni, Baba bai zo ba sai bayan kwana uku. Ya shigo ɗakina da kayan da ya sayo mini, fuskarsa duk ta ƙone da rana, yatsunsa biyu a naɗe da bandeji. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. Na tambaye shi abin da ya faru, ya ce famfo ne ya lalace. Na jira ƙarin bayani, bai ƙara ba. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya.

"Baba, ashe famfo ya fi ni."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tashi ya fita. Daga ranar gaisuwa kawai take haɗa mu. In ya zo hutu na je na gaishe shi, na tashi. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, ba mai iya sauke kai.

A shekara ta huɗu aka tura maigidana wani kwas Legas, muka tafi tare. Inna ta ce in na je garin na dawo ban nemi mahaifina ba, kada in shigo mata gida. Na je ne don tsoron Inna.

Jirgin fari ne tas, ya fi gidanmu tsawo. Baba ya tarbe mu cikin kayan aiki, ya nemi izinin kyaftin, ya zagaya da mu. Ɗakunan sama shimfiɗe da darduma mai laushi, sanyi yana ratsa mutum har ƙashi. Na ce a raina, ashe nan yake zaune cikin daɗi ya manta da mu. Sai ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a ƙasa ya ce in biyo shi, in kula da kaina.

Tsani muka bi muka sauka. Zafin da ya bugi fuskata ban taɓa jin irinsa ba, ga ƙarar janareto, ga warin mai. Wurin ba a iya miƙewa tsaye. Baba, mutum dogo, ya ranƙwafa ya kutsa tsakanin bututu da inji, ya kwanta a gefensa, ya miƙa hannu ya nuna mini wani abu kamar tukunya mai murfin gilashi. Ya ce wannan ce matatar. Ya nuna mini famfon. Ya nuna mini wata 'yar tabarma a naɗe a lungu, ya ce in aiki ya yi yawa a nan yake salla a zaune. Ban yi minti biyar ba mayafina ya jiƙe. Na ga tabon ƙuna a damtsensa, sabo da tsoho. Na tuna duk kuɗin makarantar da na ci, duk atamfar salla, daga wannan rami suka fito.

Da muka hau sama kuku ya kawo mana ruwa mai sanyi, yana ta kallona yana murmushi, yana cewa ashe wannan ce amaryar. Na kasa sha. Na ce da Baba ya yafe mini. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, in sha ruwana kada ya yi ɗumi. Daga nan muka koma kamar da. Amma dalilin rashin zuwansa bikina bai faɗa ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Sai ranar ukun nan na ji. Bayan an yi addu'a kukun ya ce yana son ganin Inna da ni. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya yi magana da Turancin kasuwa yana haɗawa da 'yar Hausarsa, duk mun fahimta.

Ya ce a shekarar bikina likita ya tabbatar masa yana da ciwon suga, sai da allura kullum, kuma allurar ba ta jure zafi. Ya ɓoye, don yana ganin in maigidan jirgi ya sani za a sallame shi, ga yara a makaranta. Yakan sa kwalaben cikin gwangwanin madara ya tura can ƙuryar firij ɗin kicin. Baba ne ya gani wata rana yana gyara, ya tambaye shi, kukun ya faɗa masa, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Baba ya yi alkawari.

Ranar da Baba zai taho Suleja, jakarsa a hannu, ya sauka ya yi wa inji duban ƙarshe. Sai ya ji wata ƙara a famfon ruwa da bai yarda da ita ba. Wanda zai riƙe masa aiki ya ce ba komai. Kyaftin ya ce maigida da baƙinsa sun riga sun iso, ba a fasa tafiya, kwana biyar za a yi. Kuku ya ce Baba ya tsaya a bakin kicin ya daɗe yana kallon firij, sannan ya ajiye jakarsa.

Kwana biyu da fita famfon ya tsaya. Akwai wani ƙaramin tsohon famfo da Baba ya gyara ya ajiye, amma ƙarfinsa ba zai ɗauki komai da komai ba, sai dai a zaɓa: ko esin ɗakunan maigida, ko firij. Kyaftin ya ce a haɗa wa maigida. Baba ya ce firij zai haɗa, abincin mutum goma sha wani abu yana ciki. Kyaftin ya ce abinci ya ruɓe, a ci na gwangwani, shi umarni yake bayarwa. Baba ya ce ya ji, amma hannunsa ba zai yi ba. Aka yi cacar baki har maigidan ya sauko da kansa, gumi yana zuba, ya ce in sun koma Baba ya nemi wani aiki. Kuku ya ce yana tsaye yana ji, yana so ya faɗi gaskiya, Baba ya yi masa wani kallo, sai ya fasa.

Baba ya haɗa firij. Baƙi suka koma saman jirgi suna fifita. Shi kuma ya kwance babban famfon gaba ɗaya, ya yini biyu a cikin ramin nan, a nan ya yanke yatsunsa, har ya tayar da shi. Da sanyi ya dawo maigidan ya huce, bai sake maganar kora ba. Kyaftin kuwa ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwar Baba.

"Ranar Asabar ɗin," in ji kuku, "na kai masa abinci ƙasa. Na same shi zaune ya dafe kai. Ya ce mini, yanzu ake ɗaura auren 'yata. Na ce ya bari in faɗa wa kowa gaskiya. Ya ce a'a, ita tana da Baffanta, amma ni da nake da ciwo ba ni da kowa a jirgin nan sai shi."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Ita ma ashe ba ta sani ba. Dattijon ya ce ya yi shekaru yana so ya zo ya faɗa, Baba yana hana shi, wai abin da ya wuce ya wuce. Yaransa duk sun gama karatu, ɗaya ma nas ce. Ya ce bai zo da komai ba sai wannan magana. Na ce masa ai ya kawo mana abin da ya fi komai.

Da aka sayar da jirgin Baba ya dawo gida gaba ɗaya. Bai buɗe shago ba. Jakar kayan aikinsa yake ratayawa a babur, in an kira shi ya je, har Tafa da Lambata. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne mai gyaran da zai zo, bai taɓa komai ba, ya ce gas ya ƙare. Baba yakan ce gas ba fetur ba ne da za a ƙone shi, in ya ragu to akwai ƙofar da ya bi, a nemo ta tukuna. Sun sha yin sa-in-sa da samarin masu gyara a kan wannan. Daga baya su da kansu suke zuwa ƙofar gida da la'asar su zauna su yi tambaya, wasu Hausawa, wasu 'yan kudu, yana amsa wa kowa da yaren da ya fi ji. Matan da suke sana'ar sanyi kuwa ba gyara kawai yake yi musu ba. Sai ya sa mace ta tsaya ta gani, ya nuna mata yadda za ta share bayan firiza, ya ce in an ɗauke wuta an dawo da ita kada ta kunna nan take, ta jira kaɗan. Wata ta ce masa in ya koya musu duka wa zai ƙara kiransa. Ya ce haka yake so, ya samu ya huta.

Bai cika maganar teku ba. Amma in an yi ruwan sama mai ƙarfi yakan ja kujera bakin baranda ya yi ta kallo. Inna ta ce kewa ce, shi ya ce iska yake sha.

Ciwonsa na ƙarshe na zuciya ne. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Lokacin zafi ne sosai, sai na ɗauko shi ya yi mako biyu a gidana don ya fi kusa da asibiti. Ana nan wata safiya firij ɗina ya daina sanyi. Na yi ƙoƙarin ɓoye masa, na ɗauki waya zan kira mai gyara a waje. Daga ɗaki ya ce in ajiye wayar, tun jiya ya ji muryar firij ɗin ta canza.

Na ce likita ya hana shi aiki. Ya ce ai ba shi zai yi ba, ni zan yi.

Muka kawo shi kicin a kujera, ya jingina da matashi. Ya ce in zare wayar wuta daga bango, in janyo firij ɗin, in kwance murfin baya. Ban taɓa riƙe sukudireba da niyyar aiki ba sai ranar. Na kwance. Ƙura ta yi kauri a bututun kamar bargo. Ya ce in share a hankali da burushi, kada in lanƙwasa komai. Ya ce in sa yatsa in juya 'yar fankar da ke ƙasa. Ta ƙi juyawa. Na leƙa na ga zaren buhu ya naɗe ta. Na yi ta cirewa da tsinke, gumi yana shiga idona, shi kuma yana cewa kada in yi gaggawa. Da fankar ta saki ya ce in mayar da komai yadda na same shi, in bar tazara tsakaninsa da bango, sannan in kunna.

Muka zauna muna jira, ni a ƙasa shi a kujera. Ya ba ni labarin wata rana da suka ga kifaye manya suna tsalle a gefen jirgi, ya ce ya so a ce muna wurin. Bayan kamar awa ɗaya ya ce in buɗe in sa hannu. Na sa. Sanyi ya sauko.

Ya yi murmushi, ya daɗe yana kallon hannuwana da suka yi baƙi. Sannan ya ce, "Da ban yi nisa da ku ba, da tuni kin iya."

Na ce, "Ai ga shi na iya, Baba."

Ya ce haka ne. Ya ce in wanke hannu in kawo masa ruwa daga ciki, shi zai fara sha.

Kwana tara bayan nan ya ce a mayar da shi ɗakin Inna, kuma a can ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa cikin zafi don wasu su ji sanyi, ya riƙe amanar wanda ba danginsa ba, ba addininsa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Ka ba Innarmu haƙuri, ka ba abokinsa lafiya. Mu da ya bari, ka sa mu iya riƙe abin da aka ba mu amana, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.